Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, gama maganar da na ke tafe da ita yau ta shafi kowane mai gida, ko yana bakin gulbi ko yana bisa tudu. Maganar kuwa ita ce ta kayan da ya kamata kowane gida ya ɗaure ya ajiye tun ana zaune lafiya, saboda ranar da ruwa zai shigo gari ba sallama.

Bari in fara da tuna muku abin da ya faru a Maiduguri. A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau, wadda ta tare kogin Ngadda kudu maso gabas da birnin, ta ɓalle. Mutane suna barci ruwa ya iske su. Kafin rana ta take ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Litinin, da fadar Shehu, da babban asibitin koyarwa. Ya rushe katangar gidan yari, fursuna fiye da 270 suka fice. Ya cinye gidan namun daji, yawancin dabbobin suka mutu, aka yi ta gargaɗin jama'a su yi hankali da kada da macizai. Mutum fiye da 400,000 suka bar gidajensu. Waɗansu sun kwana biyu, waɗansu uku, a bisa rufin ɗaki ko a saman bene, suna jiran kwalekwale ko motar soja. Ruwa ya kewaye su ko'ina, amma babu na sha. Ba a yi wata guda ba kuma sai ga sanarwar ɓarkewar kwalara. Kuma ba wannan ne karo na farko ba, gama ruwan Alau ɗin nan ya taɓa cin garin a 1994.

Watanni tara ba su cika ba sai ga na Mokwa, a Jihar Neja. Ran Alhamis 29 ga Mayu 2025 aka kwana ana ruwa, da asuba ambaliya ta afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Cikin 'yan kwanaki gawar da aka ƙidaya ta haura 150, banda waɗanda ba a gani ba. Damina ma ba ta kankama ba tukuna a lokacin.

In mun koma baya kaɗan, dattawan Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta 1988 ba, na Sakkwato kuma suna tune da ruwan Goronyo na 2010. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta kori fiye da miliyan biyu daga gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun fi 600. Mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim kuwa ba sai an ba su labari ba, su ne masu ba da shi.

To, me za mu koya a cikin wannan? Ni dai abu biyu na gani. Na farko, ruwa ba ya ba mutum lokacin haɗa kaya. Abin da ka ɗaure tun jiya shi za ka fita da shi, wanda ba ka ɗaure ba kuwa ya zama na ruwa. Na biyu, taimako yana zuwa, amma ba ya zuwa da wuri. Ban faɗi haka don in zargi kowa ba. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, watau NEMA, da takwarorinta na jihohi, da soja, da samarin gari masu kwalekwale, duk sun yi aiki a wuraren nan. Amma in gada ta nutse, hanya ta yanke, mutum dubu ɗari suna kira a sa'a guda, wa za a fara zuwa wa? Saboda haka kwana ukun farko kowane gida shi ne hukumar agajin kansa. Wannan ita ce maganar tawa duka, sauran bayani ne.

Kakanninmu sun san wannan sarai, ko da ya ke abin da su ke tsoro ya fi karkata ga fari da fara. Manomin kirki ba ya rasa rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai wuya ta kai wuya, kuma waɗanda suka ga yunwar 1914 sun bar wa 'ya'yansu wasiyya a kan haka. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba su tashi sai guzuri ya kammala, an duba salka, an ɗinke mangala. Mu fa, 'yan birni masu cin albashi? Rumbunmu shi ne kantin bakin layi, mudu biyu yau, mudu biyu gobe. Kuɗinmu yana cikin waya. Ruwanmu yana hannun mai kura. Ranar da kanti ya nutse, waya ta mutu, mai kura ya gudu da iyalinsa, sai a tarar malam mai albashi ya fi mutumin ƙauye zama abin tausayi.

Shirin da na ke kira a yi iri biyu ne. Akwai guzurin tashi, watau abin da za a sunguma a fita da shi in ruwa ya kore mu. Akwai kuma tanadin zama, watau abin da za mu rayu da shi in ruwa bai shigo mana ba amma ya tsare mu a gida. Kada a haɗa su wuri guda, gama wanda ya tara buhun gero a bakin ƙofa da nufin gudu da shi bai san nauyin buhu ba.

Guzurin tashi jaka guda ce, ko bokitin roba mai murfi irin wanda a ke zuba fenti, an wanke shi. Ni na fi son bokitin, don ruwa ba ya shigarsa, yana iya tasowa bisa ruwa, in an isa masauki kuma ga abin ɗiban ruwa, ga kujera. Ma'aunin nauyinsa shi ne mace mai goyo ta iya ɗaukarsa a ka ta yi tafiya mai nisa. In ya fi haka a rage.

Abin da zai fara shiga ciki takardu ne. A nan zan ɗan daɗe, don aikina ke nan. Mu da mu ke zaune bayan tebur mun ga yadda mutum ya kan zo bayan ambaliya ko gobara, ya tsira da ransa da 'ya'yansa, amma ba shi da abin da zai nuna cewa gidan da ya rushe nasa ne. Takardar fili, da takardar cinikin gona mai hannun shaidu, da takardun haihuwar yara, da katin ɗan ƙasa, da takardun gama makaranta, da takardar kama aiki ga mai jiran fansho, da katin asibiti, da katin rigakafin jarirai, waɗannan su ne dukiyar da ba ta da nauyi amma samun madadinta ya kan ci wata da watanni, da kuɗin mota, da rantsuwa a kotu. Wani lokaci ma shaidun da suka sa hannu sun riga mu gidan gaskiya, sai rigima ta tashi tsakanin magada da maƙwabta. A tattara su duka, a sa cikin leda mai kauri a ɗaure, a sake sa wa cikin wata ledar a ɗaure. Sa'an nan a ɗauki hoton kowace takarda da waya, a aika wa wani ɗan'uwa amintacce da ke wani gari dabam. Kada a ce ai suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ƙarƙashin gado shi ne wurin da ruwa ya ke fara zuwa gaisuwa.

Tare da takardun a sa wata 'yar takarda da aka rubuta lambobin waya da alƙalami: ta mai gida, ta 'yan'uwa biyu ko uku, ta mai unguwa, da lambar neman agaji ta 112. Yanzu wa ya haddace lambar ƙaninsa? Duk mun bar wa waya, in ta faɗa ruwa shi ke nan mun zama baƙi a garinmu.

Na biyu kuɗi, tsabarsu, ƙananan takardu. Kowa ya tuna wahalar da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum yana da dubbai a banki amma ba shi da na sayen ƙosai. Ranar ambaliya haka ta ke, har ta fi, gama masu POS ba su aiki sai da sabis, sabis kuwa ba ya tsayawa in ruwa ya shiga injin. Mai kwalekwale ba zai jira a tura masa ba. A ajiye abin da zai kai iyali garin dangi mafi kusa, da na abincin kwana biyu. Wannan kuɗi ba na biki ba ne, ba na rance ba ne, kuma ba na cefanen ƙarshen wata ba ne.

Na uku magani. Wanda ya ke shan maganin hawan jini, ko na ciwon sukari, ko na farfaɗiya, ko na asma, ko na tarin fuka, a keɓe masa na mako biyu a cikin guzurin, a rubuta sunan maganin da yadda a ke sha. Tsofaffi da yawa ruwa bai ci su ba, yankewar magani ce ta kwantar da su a sansani. A ƙara da farasitamol, da bandeji, da sabulu, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti wanda a ke kira ORS, da ƙwayar zinki ta yara. In akwai mai tsohon ciki a gidan, a sa sabuwar reza da ba a buɗe ba, da zare mai tsabta, da zannuwa biyu wankakku, gama naƙuda ba ta san ana gudun ruwa ba. Mata kuma a bar su su sa abin da su ke bukata na al'ada, kada kunya ta hana. A naɗe gidan sauro ko guda ɗaya ne a cusa, don inda ruwa ya kwanta nan sauro ya ke biki.

Na huɗu abinci, amma wanda ba ya bukatar wuta. Shinkafa da wake ba su da amfani ga wanda ya ke bisa rufi, itacensa ya jiƙe. A nan ba mu da bukatar koyi da kowa, gama ƙasarmu cike ta ke da abincin matafiya: garin kwaki da sukari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, aya, kilishi ga mai hali, da nakiya wadda iyayenmu mata suka san tana daɗewa ba ta lalace ba. Garin kwaki mudu guda da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari ya riƙe yara kwana biyu. A zuba kowanne cikin roba mai murfi saboda danshi da ɓera. Mai shayarwa kuwa ta ci gaba da ba da nono, shi ne abinci da ruwan da babu ƙazantar da ta taɓa shi.

Na biyar haske da labari: tocila da batir na ajiya, ashana cikin ƙaramar kwalba, ƙaramin rediyo mai batir, da abin nan na ajiyar caji don waya, a riƙa cika shi. Mun ga ruwan Maiduguri da na Mokwa duk cikin duhu suka zo, kuma wutar lantarki ita ta kan fara ɗaukewa. Rediyo kuwa shi zai gaya maka wace gada ce ta rage, wace makaranta aka buɗe don saukar mutane, ya kuma raba ka da jita-jita, wadda ta kan kashe mutane kamar ruwan kansa. A ƙara da igiya mai ƙarfi, da wuƙa, da babbar leda ta shimfiɗa ko ta rufi, da tufa ɗaya ɗaya ga yara, da moɗa, da galan ƙarami na ruwan sha.

Yanzu sai tanadin zama, kuma kansa shi ne ruwa. Abin mamaki ne a ce ƙishirwa ta kama mutum a tsakiyar ambaliya, amma haka ya ke. Ruwan da ya shigo gari ya bi ta masai, ya bi ta kwata, ya bi ta juji da maƙabarta da mushen dabbobi, sa'an nan ya faɗa rijiya. Rijiyar da ya shiga ba ta shayuwa sai an kwashe ta an zuba magani. Ma'aikatan agaji na duniya sun ƙayyade lita 15 a yini ga mutum guda, don sha da girki da tsabta. Wannan ya yi wa gidan talaka yawa a ajiye, saboda haka mu ɗauki na sha da ɗan dafuwa kaɗai, mu ce lita 4. Gida mai mutum takwas zai sha lita 32 a yini, kwana uku lita 96 ke nan, watau jarka huɗu masu cin lita 25. Jarka huɗu ba ta fi ƙarfin mai albashi ba. A wanke su, kada a yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, a cika, a toshe, a ɗora bisa wuri mai tudu. Kowane wata a juye a yi wanki da shi a sake cikawa.

In na ajiya ya ƙare sai a gyara wanda aka samu. A bar shi ya kwanta, ko a daka 'ya'yan zogale a zuba don laka ta sauka, a tace da tsumma mai tsabta. Amma a lura, ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka ba, gama abin da ke kawo kwalara ido ba ya ganinsa. Sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti guda cur, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa irin su Aquatabs bisa ga ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Ƙwayoyin nan ba su da nauyi ba su da tsada, a sa waɗansu cikin guzurin tashi ma.

Kwalara, watau amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, tana iya kashe ƙato cikin sa'o'i kaɗan, kuma ba komai ke kisan ba sai ƙarewar ruwan jiki. In babu ƙunshin asibiti, ga yadda a ke haɗa na gida: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka, gama yawansa cuta ne, musamman ga yaro. A riƙa ba mara lafiya kurɓi kurɓi ba fasawa, ana kuwa hanyar kai shi wurin likita. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ina roƙon kowane mai karatu ya kwafe wannan awo a takarda ya manna a bangon ɗakin uwargida.

Bayan ruwa sai hatsi da mai da gishiri da busasshiyar kuka ko kuɓewa na mako guda ko biyu, a ɗora bisa benci ko a rataye, kada a jibge a ƙasa. A keɓe gawayi ko busasshen itace cikin buhun leda a sa a sama. Wanda ya ke bisa tudu kada ya ce wannan ba ta shafe shi ba. A 2012, da kuma 2022, ruwa ya yanke babbar hanyar Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, har man fetur ya yi wuya a Abuja. Ruwan da bai taɓa ƙofarka ba yana iya taɓa tukunyarka.

Amma fa kaya ba su isa ba in ba a shirya mutanen gida ba. Mai gida ya tara iyalinsa ran da ba a komai, a zauna a yanke magana. Ina za mu nufa in ruwa ya zo? A ambaci wurin da sunansa, makarantar tudu ce, ko masallacin Juma'a, ko coci, ko gidan kawu, a kuma san hanya biyu ta zuwa can. Wa zai ɗauki jariri, wa zai riƙe hannun kaka, wa zai sunkuci guzuri? Wa zai kashe wutar lantarki daga babban makunni? Wa zai kwance awaki da tumaki? Dabbar da aka kwance ta kan nemi tudu da kanta, wadda aka bari a turke kuwa an yanke mata hukunci. Yara ƙanana a koya musu cikakken sunan ubansu da sunan unguwarsu.

Akwai magana biyu da na ke so masu gida su ji da kunnen basira. Ta farko mabuɗi. Saboda tsoron ɓarayi yanzu kowa ya sa ƙofar ƙarfe, ya sa wa taga ƙarfe, ya garƙame da kwaɗo biyu. To, gidan da ɓarawo ba ya iya shiga, mai gida ma ba ya iya fita in mabuɗi ya ɓace cikin duhu. A kafa ƙusa guda kusa da ƙofa, mabuɗi ya riƙa kwana a nan kullum, kowa ya sani. Ta biyu, ku da iyalinku ba su fita sai da izini, ku ba da izinin tun yau, a gaban kowa. Ku ce in ruwa ko wuta ta zo ba na nan, ku fita, kada ku jira ni, kada ku tsaya neman mayafi mai kyau. Malamanmu sun sani tsare rai yana gaba. Kada baiwar Allah ta tsaya cikin ruwa har ƙugu tana jiran mijin da ya tafi kasuwar wani gari.

In an fita kuma kada a raina ruwa mai gudu. Wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, watau ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum in yana da ƙarfi, wanda ya kai gwiwa kuwa yana iya tafiya da ƙaramar mota. A riƙe sanda ana dogarawa saboda kwalbati da rijiyar da ruwa ya rufe, a sa takalmi saboda kwalba da ƙusa, a nisanci wayar lantarki da ta faɗi. Masu gidan ƙasa su kuma su sani ba sai kogi ya zo ba, ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa ya isa ya jiƙa gindin bango. A Satumba 2024 tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ruwan sama ne ya kayar da shi. In bango ya fara tsagewa ko ƙasa tana zubowa daga azara, a kwashe yara a fita.

Na san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, Malam, abin da Allah ya rubuta ba makawa, wannan shiri naka ƙarancin tawakkali ne. Ni ba malamin addini ba ne, amma Musulminmu da Kiristanmu duk mun taso da labarin Annabi Yusufu, wanda ya tara hatsin shekara bakwai na ƙoshi saboda bakwai na yunwa, da na Annabi Nuhu, wanda ya sassaƙa jirgi tun sama ba ta haɗa hadari ba, mutane suna yi masa dariya. Wa zai ce ya fi su dogara ga Allah? Wani kuma zai ce ɗaure kaya tun babu komai fata ne na mugun abu. To, wanda ya sayi laima shi ya kira ruwa?

Mai magana ta uku shi ne na fi tausaya wa, wanda zai ce, na yau ma bai samu ba, ina na ajiya? Gaskiyarsa, zamani ya yi tsanani. Amma ya duba, rabin abin da na lissafa ba ya cin ko kwabo. Tattara takardu cikin leda, rubuta lambobi, kafa ƙusar mabuɗi, yanke wurin haɗuwa, ba da izini, duk kyauta ne. Sauran kuma ba a rana guda a ke sayensu ba. Wannan wata tocila, wata mai zuwa jarka, na bayansa mudun gari. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma abincin ba asara ba ne, gama duk bayan wata biyu ko uku sai a ci na ciki a zuba sabo, a duba kwanan watan magani, a gwada batir. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa hannu su sayi abin da ya fi ƙarfin ɗaya, kamar doguwar igiya ko tsani.

Lokacin yin wannan kuwa shi ne rani da bazara, tun ƙasa tana bushe. Kowace shekara hukumar duba yanayi, NiMet, ta kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da koguna, NIHSA, ita ma ta kan bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ta ke jin tsoron ambaliya a cikinsu. Ana faɗa a rediyo, amma sau da yawa da Turanci mai wuya, ko a lokacin da manomi yana gona. Nan ne aikinmu ya ke, mu da Allah ya ba karatu. Malamin makaranta ya ɗauki darasi guda ya koya wa yara awon gishiri da sukari, ya sa su lissafa jarka nawa gidansu ke bukata, ga lissafi ga ceton rai. Akawu ya taimaki maƙwabcinsa da bai iya karatu ba su ware takardunsa masu muhimmanci. Liman da fasto su faɗa a wurin taro. Alaramma mai almajirai hamsin ko ɗari suna kwana a zaure guda, nauyin da ke wuyansa ya fi na kowane mai gida: ya rubuta sunan kowane yaro da garinsu da lambar ubansa, ya raba ƙanana ga manya, ya nuna musu tudun da za su nufa. Masu unguwa kuma su san gidajen da ke da makaho, ko gurgu, ko tsohuwar da ba ta da kowa, a sa wa kowannensu saurayi guda da zai fara bugun ƙofarsa.

Jama'a, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Maiduguri ya kama, na Mokwa ya kama, mun yi musu jaje, mun aika da abin da ya sawwaƙa. Abin da ya rage shi ne kowa ya ajiye jaridar nan ya tashi ya nemo leda biyu da bokiti guda, ya fara da takardunsa tun yau kafin magariba. Ina kuma roƙon waɗanda ruwa ya taɓa kora daga gidajensu su rubuto wa Edita, su gaya mana abin da suka fi bukata a kwanakin nan ba su samu ba, gama wanda ya kwana bisa rufi ya fi ni sanin abin da ya kamata a sa cikin bokiti.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ruwan ɓarna, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, amin.

Haza wasalam. Ni ne naku,
Akawun Bakin Gulbi